Tsayin Bakin Taga

Gidan ya girme ni, ya girmi ubana.
Ranar da muka tare a Cleveland, bayan titin Fleet,
Mista Wozniak ya miƙo takardu, tara ko goma,
ya ɗora yatsa: nan, nan, da nan.
Na sa hannu kamar mai dangwale a rumfar zaɓe.
Har da wani ɗan littafi mai hoton gida a bangonsa;
na ninke shi biyu, na cusa a ƙafar tebur
don teburin yana rawa.

Fenti fari fat, sabo, yana ƙamshi.
Wa zai ce a ƙarƙashinsa akwai kore,
ƙarƙashin koren akwai ruwan ɗorawa,
can ƙasa kuma ga wanda hukuma ta hana
tun saba'in da takwas?
An hana sayarwa, haka ne.
Ba wanda ya ce wa bango ya tuɓe rigar da ya riga ya sa.

Rumasa'u watanta goma sha tara.
Tsayinta daidai bakin taga.
Nan take jiran motar shara duk Talata
ta ɗaga wa direba hannu,
haƙoranta shida a kan katako.
Ashe abin da zaƙi.
Likita ce ta faɗa: da zaƙi, shi ya sa suke so.

Aka soki yatsa, aka koma jijiya.
Sha huɗu, in ji takarda.
Na ce, nawa ne daidai? Ta girgiza kai: ba a son ko ɗaya.
Tafinta a waya ya yi gyaran murya,
ya ce, Hajiya, dalma ce.

Bai san da wa yake magana ba.
Ni 'yar ƙasar Anka ce.
Na san shekarar da aka niƙa dutsen zinariya
a injin da ke niƙa mana dawa,
na san yadda Lawali, ƙanena, ya sandare a bayan Inna,
aka ce iska ce, aka yi hayaƙi,
kafin masu mota su zo su kankare ƙasar tsakar gida
su zubo mana wata.
Na tsallake teku da wannan a ƙirji
ina cewa na bar ta a baya.
Gudun gara, ga zago:
ta riga ni isowa da shekara tamanin,
ta samu bango ta jingina, tana jira.

Wata mata ta zo da na'ura kamar ƙaramar bindiga,
ta ɗana wa ƙofa, ta ɗana wa matakala.
A taga ba ta ce komai ba, sai rubutu.
Ta ce kada in ƙara shara da busasshiyar tsintsiya.
Ni, da na iya shara kafin in iya Fatiha!
Yanzu tsumma ne da ruwa, a durƙushe,
safe, la'asar.
Ta ce a riƙa cire takalmi a ƙofa.
Na ce wannan kam da shi muka zo.

Mista Wozniak ya samu wasiƙar hukuma.
Ya zo da bokitin farin fenti, wani kuma.
Ya ce shi ma a irin gidan ya tashi, ga shi garau.
Ya zaro takarda: ga hannunki.
Hannuna ne. Ban musa ba.

Da dare ina ƙirga kalmominta
kamar mai ƙirga canji a bakin kasuwa:
mota, ruwa, Baba, a'a, nawa.
Jiya bakwai. Shekaranjiya na ga kamar takwas ne.
Wake, alayyahu, madara, addu'a.

Na zare littafin daga ƙafar tebur, na karanta shi kaf.
Tebur ya koma rawarsa.
Yau Talata. Ga ƙarar motar nan daga kwana.
Na ɗaga ta sama da bakin taga,
ƙafafunta suna harbin iska,
tana neman sauka inda ta saba.